Kunnen Injiniya: Ikwalaizar waje da ta jikin miksa

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu guda suka taru: ikwalaiza (na'urar ƙara ko rage wani zango na sauti) mai zaman kanta, wadda ake ɗaurewa a gefen miksa (na'urar haɗa sautuka), da yadda za ta yi aiki tare da wadda ke jikin kowane layi. Na tsamo biyar, na ɗan rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Malam Injiniya, barka da aiki. Ina da ƙaramin situdiyo a Kano, wajen Zoo Road. Miksata ta analog ce mai layi 24, ta hannu na saya a kasuwar Alaba, kuma kowane layi da ikwalaizarsa. Wani abokina zai sayar mini da ikwalaiza guda mai bawul (kwalbar gilashi mai ƙara ƙarfin sauti), irin waɗanda aka kwaikwayi tsohuwar ikwalaizar Pultec, kuɗinta ya kusa rabin na miksar. Za ta ƙara mini wani abu? In na saya, sai in daina taɓa ta jikin miksa ke nan? Daga wani matashi, Kano.

AMSA: Ƙanena, za ta ƙara maka, amma ba za ta karɓe wa ta jikin miksa aikinta ba. Layi 24 gare ka, ita kuwa sauti ɗaya tak take ɗauka a lokaci guda. Tun daga nan ka san layi 23 suna hannun miksa. Ko a layin da ka ba ta ma, akwai aikin da ba ta iya ba.

Dubi layi ɗaya na miksarka daga sama zuwa ƙasa. Kusa da maɓallin ƙarfin makirufo akwai ɗan madanni da ke yanke abin da ke ƙasa da 75, 80 ko 100 Hz, gwargwadon kamfanin (Hz ma'aunin kauri ko kaifin sauti ne, kHz kuma Hz dubu ne). Sai maɓallin sama, galibi a 12 kHz. Sai na tsakiya, ɗaya ko biyu, wanda kake iya yawo da shi ka nemo inda matsala take. Sai na ƙasa, a 60 ko 80 Hz. Kowannensu yana ƙarawa ko ragewa har wajen 15 dB (ma'aunin ƙarfin sauti). Da waɗannan ake cire ƙugin fanka, da amon ɗaki, da hancin da ke cikin murya, kuma da su ake buɗe wa kowane kayan kiɗa wurin zama a cikin waƙa.

Pultec kuma wata halitta ce daban. Eugene Shenk da Ollie Summerlin ne suka fara ƙera ta a kamfaninsu na Pulse Techniques a jihar New Jersey ta Amurka, a farkon shekarun 1950, kuma wadda aka fi kwaikwaya ita ce EQP-1A. Sashenta da ke tace sauti ba ya amfani da wuta, nadadden waya ne da kafasita, shi ya sa sauti ke raguwa idan ya bi ta ciki, sai bawul ya maido masa da ƙarfinsa, ya fita ta taransifoma. A ƙasa tana ba ka zaɓi huɗu: 20, 30, 60 da 100 Hz. A sama tana ƙarawa a 3, 4, 5, 8, 10, 12 ko 16 kHz, tana ragewa a 5, 10 ko 20 kHz. Ka lura, tsakanin 100 Hz da 3 kHz babu wurin da za ka nuna mata ka ce nan nake so, alhali nan ne rabin rigimar murya take. Su kansu masu kamfanin sun san haka, shi ya sa suka yi wata daban, MEQ-5, don tsakiya kaɗai. Wasu masu kwaikwayon na yanzu sun ƙara zaɓi a kan na asali, to ka karanta fuskar wadda abokinka ya kawo kafin ka yanke shawara.

Ni yadda nake kallonsu, ta miksa ita ke tsince tsakuwa a shinkafa, ta waje kuma man shanu ce da ake zubawa bayan an sauke. Man shanu ba ya hana tsakuwa karya haƙori.

Bari in nuna maka a kan muryar mawaƙiya, tunda ita ce abin da mai saurare ke bi a waƙoƙinmu. Ka danna madannin yanke ƙasa tukuna. Ka ɗaga maɓallin tsakiya na miksa kamar 9 dB, ka yi yawo da shi a hankali tsakanin 250 da 500 Hz tana cikin waƙa. Akwai wurin da za ka ji ɗakin ya yi tsalle ya fito, muryar ta cushe. Ka tsaya nan, ka juya maɓallin baya, ka rage 3 ko 4 dB. In akwai hanci, ka neme shi haka nan tsakanin 800 Hz da 1.5 kHz. Sai bayan wannan ka juya ga ta waje: ka zaɓi 10 ko 12 kHz, ka buɗe faɗinta sosai, ka ɗaga zuwa lamba uku ko huɗu a fuskarta. Lambobin nan ba dB ba ne, alamomi ne kawai, kunne ne zai gaya maka inda za ka tsaya. Za ka ji numfashin mawaƙiyar ya matso kusa, muryar ta yi haske ba kaushi. Gwada ɗaga 12 kHz ɗin a miksa mai araha da yawan haka, sau da yawa yaji za ka samu, wanda kunne ke gajiya da shi kafin waƙa ta kai rabi.

Ka kula da harshenmu a nan. Hausa cike take da ts da sh da c, kuma kaifinsu yana zaune tsakanin 5 da 8 kHz. Mawaƙiya mai kaifin baki, in ka ɗaga mata 8 kHz, duk inda ta ce tsuntsu ko tsakani sai ya soki kunne. Irin wannan ka hau 16 kHz, ko ka bar ƙarin a 12 ka ɗan taɓa ragin 10 kHz.

Abin da ya fi fito da sunan Pultec kuwa a ƙasa yake. Tana da maɓallin ƙari da na ragi a kan zaɓi ɗaya, kuma lanƙwasarsu ba ta hau kan juna daidai ba. In ka zaɓi 60 Hz ka ɗaga duka biyun, ƙari a biyar, ragi a huɗu, can ƙasa zai yi nauyi, sannan wurin da ke sama da shi, inda sauti ke yin laka, ya lotsa. A kan babbar ganga, ko bes ɗin da ake bugawa da fiyano Yamaha PSR, wannan yana ba da ƙirji ba tare da ya danne murya ba. Maɓalli ɗaya na ƙasa da ke jikin miksarka ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Kalangu kuma a bi shi a hankali. Muryarsa hawa da sauka take yi duk lokacin da makaɗi ya matse igiyoyin a hammata, saboda haka in ka rage masa siririn wuri ɗaya a miksa, wasu kalmomin kiɗan za su nutse wasu su taso. Shi faffaɗan taɓi yake so, kaɗan, kuma a nan ta waje ta fi dacewa da shi.

Kada ka ɗauka zama a waje shi ke sa ikwalaiza kyau. Neve 1073, wadda Rupert Neve ya fitar a 1970 don situdiyon Wessex na Landan, layin miksa ce tun asali. API 550A ta Saul Walker ita ma haka. Daga baya ne mutane suka riƙa ciro su daga tsofaffin miksoci suna sa musu gida na kansu. Wanda ke zaune gaban babbar miksar Neve ko SSL yawancin aikinsa a jikin miksar yake gamawa, sai ya jawo Pultec don murya, ko bes, ko ganga. Mu da ke da ƙananan miksoci tazarar ta fi faɗi, domin kamfanin ya raba kuɗin ikwalaiza gida 24, wancan kuwa ya zuba nasa duka a guda ɗaya.

Shawarata, in makirufonka mai kyau ne, ɗakinka ba ya amsa-kuwwa, lasifikokinka suna gaya maka gaskiya, ka saya. In ɗaya cikin ukun nan ya gaza, can kuɗin ya kamata ya fara zuwa. Kuma ka roƙi abokinka ya bar maka ita ka gwada a ɗakinka kafin ka biya. Wajen gwajin ka daidaita ƙarfin sauti tsakanin tana ciki da tana waje, domin duk abin da ya fi ƙara kunne cewa yake ya fi daɗi.

TAMBAYA: Malam, ina aiki a wani situdiyo da ke haɗa tallace-tallacen rediyo a Damagaram. Mun samu ikwalaizar waje, na jona ta yadda muke jona na'urar amsa-kuwwa, wato daga oks na miksa zuwa cikinta, ta dawo ta wani layi. Sai murya ta sirance, ba jiki, kuma ko na rage wani wuri ba ya raguwa. Ta lalace ne? Daga wata mai karatu, Damagaram.

AMSA: Malama, da wuya a ce ta lalace. Hanyar da kika bi da ita ce ba tata ba. Oks reshe ne: yana ɗibar wani kaso na muryar ya aika waje, asalin muryar kuma tana nan tana tafiya a layinta. Amsa-kuwwa haka take so, domin ƙari ce a kan murya. Ikwalaiza kuwa so take muryar gaba ɗaya ta bi ta cikinta. Shi ya sa ragin bai yi miki aiki ba: kin rage a reshe, uwar tana nan yadda take.

Sirancewar kuma ga dalilinta. Kowace ikwalaizar analog, in ta taɓa wani zango na sauti, tana ɗan jinkirta shi a kan sauran. In ita kaɗai ake ji, kunne bai damu ba. Amma in aka gauraya wanda ya bi ta ciki da wanda bai bi ba, wasu wurare su haɗu su ƙaru, wasu su soke juna. In kuma an yi rashin sa'a wayar ta juya sautin kai-ƙasa, ƙasan muryar ne zai fara ɓacewa. Akwai ƙwararrun da ke yin wannan gaurayen da gangan, amma ba da shi ake farawa ba.

Ki duba bayan miksa, a kowane layi akwai rami mai suna insat. Wayarsa mai kai uku ce: gefe ɗaya jak mai baƙaƙen zobba biyu, ɗaya gefen ya rabu biyu. A yawancin miksoci tsinin jak ɗin shi ke aikawa, zoben tsakiya shi ke dawowa, gindin kuma atin ne, wato wayar ƙasa. Wasu kamfanoni sun juya tsarin, kuma galibi an zana shi a jikin miksar. In kin jona kin ji shiru, ki musanya kawunan biyu. Da zarar jak ya shiga ramin nan layin ya katse, duk muryar ta fita ta dawo. Wayar insat a ƙananan miksoci ba ta da kariyar da wayar makirufo ke da ita, don haka kada ta wuce mita biyu ko uku.

Akwai wani tarko da nake yawan tararwa. In ikwalaizar ramin XLR (mai ƙafa uku, irin na makirufo) kaɗai gare ta, kuma da taransifoma take fitar da sauti, dole mai haɗa wayar ya haɗe ƙafa ta 3 da ta 1, sautin ya bi ta 2. In ya bar ta 3 a sake, za ki ji murya can nesa, siririya, ba ƙasa ko kaɗan. Na'urorin da ba su da taransifoma kuwa wasunsu ba sa son a haɗe ƙafar nan, sai a duba littafinsu.

Sai ƙarfi. Kayan ƙwararru a +4 dBu suke aiki, wato volt 1.23, na gida kuma a -10 dBV, wato volt 0.316, tazarar kusan 12 dB ke nan. Insat na miksoci da yawa yana ɗan ƙasa da +4. Ki saki sautin gwaji na 1 kHz a layin, ki kai mita sifili, ki jona ikwalaizar ba tare da ta ƙara ko ta rage komai ba. In mitar ta motsa sosai, ki gyara wannan kafin ki fara aiki. Ki kuma sani cewa a yawancin miksoci insat yana gaban ikwalaizar layi, ma'ana ta waje ce ke fara taɓa sautin. In kin tula ƙasa a waje kina shirin ragewa a miksa, layin zai iya cika ya fashe kafin ragin ya iso.

In miksarku ba ta da insat, ki fito da muryar daga kwamfuta kai tsaye zuwa ikwalaizar, daga ita zuwa ramin layi na miksa.

TAMBAYA: Oga, ɗan'uwana ya aiko mini da ikwalaiza mai bawul daga Amurka. Ina jona ta sai ƙugi ya tashi a lasifika, in aka koma janareta ya ƙaru. Wani ya ce in karya ƙafar atin ta fulogi. Daga Kaduna.

AMSA: Kada ka karya, don Allah. Cikin na'urar bawul akwai wutar da ta haura volt 200, kuma ƙafar nan ita ce tsakaninka da ita ranar da wani abu ya kwance a ciki. Ƙugi ba ya kai ran mutum daraja.

Fara da bayanta. Wutar Amurka volt 120 ce a 60 Hz, tamu a Najeriya 230 ce a 50 Hz. In tana da makunnin zaɓi tsakanin 115 da 230, ka tabbatar yana kan 230 kuma fis ɗin na 230 ne. In babu, da taransifomar rage wuta kake amfani ke nan, to ita kanta tana iya zama mai laifin. Nadadden wayan da ke cikin irin Pultec yana jan maganaɗisun duk wata taransifoma da ke kusa. Ka nisanta ta da taransifomar rage wutar, da sitabilaiza, da amfilifaya, kana saurare kana matsar da ita. In ƙugin yana canzawa da motsin, ka gano shi.

In bai canza ba, atin ne ya bi hanya biyu: ta fulogi da ta wayar sauti. Ka haɗa miksa da ikwalaiza da kwamfuta a soket ɗaya. In ya ƙi, akwai ƙaramar taransifomar raba sauti da ake sawa a kan wayar, ita ke yanke zagayen ba tare da an taɓa atin na wuta ba. Ƙugin wuta a 50 Hz yake, da 'ya'yansa a 100 da 150, wato daidai inda za ka so ka ɗaga wa ganga. Duk ƙarin da ka yi a 60 Hz da shi za ka ɗaga, don haka a kashe shi daga tushe. Ƙaramin janareta kuma wutarsa ba ta da tsabta, in da hali ka yi haɗin sauti a kan inbata mai kyau. Ka ba bawul minti goma sha biyar ya yi ɗumi kafin ka fara, ka rufe na'urar da ƙyalle in an tashi, musamman da hunturu, domin ƙura ce ke sa maɓallai ƙarar ƙas-ƙas.

TAMBAYA: Ina da ikwalaiza mai sanduna 31 a kowane gefe, wadda nake zuwa da ita wajen biki da maulidi. Zan iya sa ta a kan waƙa gaba ɗaya a situdiyo? Daga zangon Kumasi, Gana.

AMSA: Ɗan'uwa, za ka iya, amma ban ba ka shawara ba. A fili ita ce gwana, wajen kashe kukan makirufo da gyara lasifika ta dace da wuri. A situdiyo hannu ya saba ɗaga gefe da gefe ya lotsa tsakiya, kuma tsakiyar nan ita ce abin da lasifikar waya ke iya fitarwa. Mutanenmu a waya suke jin waƙa, da cikin A Daidaita Sahu, da ƙananan lasifikokin shago. Waƙar da aka kwashe wa tsakiya a can ba ta da murya.

Ikwalaizar da ake sa wa waƙa gaba ɗaya faffaɗa ake so, a insat na babban layin fita, kuma taɓin bai wuce 1 ko 2 dB ba. A jona ta tun farkon haɗi, don duk hukuncin da za a yanke a layuka a yanke shi ana jin ta. Mai son irin Pultec a nan sai ya sayi biyu, hagu da dama, ya gwada su da sautin gwaji a 60 Hz da 1 kHz da 12 kHz ya ga mitocin sun yi daidai. In ɗaya ta fi ɗaya, muryar da ke tsakiya za ta karkata gefe.

TAMBAYA: Mawaƙi yakan dawo bayan mako ya ce a ɗan ɗaga masa murya, alhali na riga na murɗe komai don wani aikin. Yaya zan dawo da sautin jiya? Daga Jos.

AMSA: Wannan ciwon ya daɗe. Kamfanin SSL ya fito da Total Recall a 1981 a kan miksarsa 4000 E: kwamfuta ta haddace inda kowane maɓalli yake, ta nuna a allo, mataimaki ya bi ɗaya bayan ɗaya ya mayar da hannu. Ko a can, kayan waje ba sa cikin lissafin, a takarda ake zana su. Na'urori masu maɓalli daki-daki, irin API 550A da ke tsayawa a 2, 4, 6, 9 da 12 dB, sun fi sauƙin mayarwa. Masu murɗawa sumul kuwa sai hoto. Ka manna farin tef a jikin na'urar, ka rubuta sunan waƙa da layin da take kai, ka ɗauki hoton da waya daga gaba sak, domin hoton gefe yana karkatar da alamar maɓalli. Ka ɗauki na miksa ma, layi takwas-takwas, ka ajiye su a jaka ɗaya da waƙar a kwamfuta.

Abin da ya fi wannan shi ne ka naɗi sautin. Idan murya ta zauna yadda kake so, ka maido abin da ya fito daga ikwalaizar cikin kwamfuta a sabon layi, ka adana na asalin a kashe. Ranar da mawaƙi ya dawo, feda, wato sandar ƙarfin layi, kaɗai za ka taɓa. Wannan kuma ya 'yantar da na'urar: ka gama da murya, ka wuce da bes, ka wuce da ganga, ikwalaiza ɗaya ta yi aikin uku. Sai dai fita da dawowa ta akwatin sauti yana jinkirta layin da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma a kan ganga mai makirufo biyu ko uku wannan ya isa ya sirantar da ita. Ka sa ɗan ƙwas guda a farkon layin kafin ka aika, in ya dawo ka faɗaɗa hoton sautin a allo, ka ja sabon layin har ƙwas ɗinsa ya hau kan na asali.